Zarra, huci da ƙura: fassarar kalmomin kimiyyar nukiliya zuwa Hausa, tare da duban abin da aka yi a Malesiya

1. Gabatarwa

Ƙasar Nijar ta fi shekara 50 tana haƙar uraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, COMINAK kuma ya yi aiki a Akokan daga 1978 har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe raminsa. A duk tsawon wannan lokaci, ilimin abin da ake haƙowa a cikin Faransanci ya zauna, domin da shi ake rubuta takardun aiki da rahotannin awo da darussan lakkwal.

Damargu ba ta da ramin uraniyom ko ɗaya, amma maganar ta shafe ta. Tanut tana kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, kuma tun zamanin ayari hatsin Damargu arewa yake tafiya, zuwa Abzin. Da aka gina Arlit sai mutane suka bi sawun hatsin: leburori da direbobi da ƴan cin rani daga Gangara da Olelewa da Tarka da Belbeji. Wanda ya tafi yana dawowa da kaya, da labari, wani lokaci da tarin da yake so a gaya masa asalinsa. A kasuwannin yankin, inda Bahaushe da Badagire da Buzu da Bafillace suke haɗuwa, da Hausa ake wannan hira. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, tambayar ta tashi daga hira ta zama aiki: da waɗanne kalmomi za a koyar da wannan ilimi, a aji da gidan rediyo da asibiti?

A cikin wannan maƙala za mu duba ƴan kalmomi na tushe. Ra'ayinmu shi ne ba duka ne suke buƙatar wahala iri ɗaya ba. Sunayen abubuwa ana iya aro su a wuce. Kalmomin da ke faɗin abin da ke faruwa, musamman abin da ke faruwa ga jikin mutum, su ne wurin zama a yi tunani, domin kowace kalmar Hausa da aka ɗauko tana zuwa da nata kaya.

2. Abin da Malesiya ta yi

Mun ɗauki misalin harshen Malay ne saboda halinsa ya yi kama da namu. Harshe ne na kasuwa da addini, cike da aron Larabci, kuma mulkin mallaka ya raba masu shi biyu: Malesiya ƙarƙashin Ingila, Indunusiya ƙarƙashin Holan. Kowane ɓangare yana aron kalmomin zamani daga bakin wanda ya mallake shi, kamar yadda mutumin Damagaram yake cewa « lakkwal » da « miliyar », na Kano yana cewa « makarantar boko » da « biliyan ».

A 1956 aka kafa hukumar harshe ta Dewan Bahasa dan Pustaka. A 1970 aka buɗe jami'ar ƙasa mai koyarwa da Malay, har da kimiyya. A 1972 ƙasashen biyu suka daidaita rubutunsu suka kafa majalisar harshe ta haɗin gwiwa, wadda Burunai ta shiga a 1985. A 1975 suka fitar da ƙa'idojin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi: a fara nema cikin harshen kansa, sannan cikin danginsa, sannan a ara daga waje. In an zo aro kuma, sai a bi siffar kalma a rubuce, a bar yadda Bature kaza yake furta ta. Da haka ɗan Kwala Lamfur da ɗan Jakarta suka iya karanta littafi ɗaya.

In aka buɗe littafin kimiyyar lakkwal na Malesiya za a ga sakamakon. An ari « atom », « nukleus », « proton », « isotop ». Amma tsagewar ƙwallon zarra « pembelahan » ce, daga « belah », tsaga; « sinaran » daga « sinar », tsinken haske; « reputan » daga « reput », ruɓewa. Ƙanƙanin ɓarɓashi kuwa « zarah » suke ce masa, kalmar Larabcin nan da mu ma muke da ita. Wato sun ari sunaye, sun fassara ayyuka.

Kada mai karatu ya ɗauka komai ya tafi daidai. A 2003 gwamnatin Malesiya ta mayar da koyar da lissafi da kimiyya cikin Ingilishi, sai daga 2012 aka fara komawa Malay. Kalmomi suna nan a cikin ƙamus duk wannan lokaci; siyasa ce take yanke wanda zai yi amfani da su.

3. Sunaye

« Zarra » ta riga ta zauna. Malaman tafsiri sun daɗe suna bayyana ta da ƴar mitsitsiyar tururuwa ko ƙurar da ake gani cikin hasken da ya ratso ɗaki, kuma gidajen rediyo suna cewa « ƙwayar zarra ». Ba ta da alaƙa da « zarra » ta « ya yi masu zarra », kuma ba mu ga inda biyun za su yi karo cikin jumla ba. Kalmar Turawa, « atome », asalinta a Girkanci « abin da ba ya yankuwa » ne, abin da kimiyya ta ƙaryata tuni, saboda haka babu hasara in ba mu bi ta ba. Jam'i kawai take buƙata, kuma « zarrori » ya bi tsarin « taga, tagogi ».

« Noyau » ta fi wuya. Rutherford ya nuna a 1911 cewa kusan duk nauyin zarra, fiye da kashi 99,9 cikin 100, yana tattare a wani ɗan wuri a tsakiyarta. Faransanci ya kira wurin da sunan ƙwallon ɗan itace, Larabci ma da sunan ƙwallon dabino. « Cibiya » tana faɗin wuri amma ba ta faɗin nauyi. « Ƙwaya » ta riga ta tafi ga zarrar kanta, ga kuma ƙwayar magani da ƙwayar cuta da ƙwayar ido. Saura « ƙwallon zarra », kuma ita muke goyon baya, da sharaɗin malami ya gyara hoton: ƙwallon dabino ko na aduwa ya cika rabin ɗan, alhali in ƙwallon zarra ya kai ƙwayar gero, zarrar za ta kai gona mai faɗin mita 100 ko kusa da haka.

Sauran sai aro, bisa ƙa'idar bin rubutu, tare da wasalin da Hausa take sakawa tsakanin baƙaƙe: furoton, nuturon, elekturon, isotop, uraniyom. Wannan na ƙarshe ya nuna amfanin ƙa'idar. Kunnen Yamai yana jin « iraniyom », na Kaduna yana jin « yuraniyom ». « Uraniyom » ba ta kowa ba ce, kuma kowa zai gane ta. Isotop dai ƴan gida ɗaya ne da nauyinsu ya bambanta. Kowace zarrar uraniyom tana da furoton 92, amma mai lamba 238 tana da nuturon 146, mai lamba 235 tana da 143. Sifar « nukiliya » kuma ta shiga bakin mutane, a bar ta. Haruffan Girkanci uku da ke sunanta ire-iren abin da ƙwallon ke harbowa sai a rubuta su alfa, beta, gamma, na ukun da « m » biyu don kada ya zama aikatau « gama ». Ɗaliban Yamai za su yi dariyar « alfa », tun da a Zabarmanci malami ke nan, amma dariyar rana ɗaya ce.

4. Ayyuka

Nan Hausa take da arziki, kuma ya kamata masu fassara su daina jin kunyar amfani da shi. Ɗauki « fission ». Hahn da Strassmann sun ga abin a Disamba 1938, Meitner da Frisch suka bayyana shi a farkon 1939, kuma kalmar daga ilimin halittu aka aro ta, inda take nufin rabuwar ƙwayar halitta biyu. Mu muna da tushen « tsag- » da girekinsa, kamar yadda Parsons ya jera su a 1960. Nuturon ya tsaga ƙwallo. Ƙwallo ya tsage. Ƙwallo yana tsaguwa. Wannan siffa ta uku, giredi na 7, tana ɗauke da ma'anar yiwuwa, don haka « fissile » ba ta buƙatar ƙirƙira: « mai tsaguwa » ce. Uraniyom 235 mai tsaguwa ne, kuma shi kashi 0,7 kawai ne cikin 100 na abin da ake haƙowa.

Daga nan matsalar « enrichissement » ta taso. Rediyo yakan ce « tace uraniyom » ko « inganta uraniyom ». Amma tacewa ita ce aikin masana'antar Arlit: a niƙa dutse, a zuba masa ruwan asid, a fitar da garin uraniyom a zuba a tano. A garin nan 235 yana nan a 0,7 ɗinsa. Ɗaga shi zuwa kashi 3 ko 5 don tashar lantarki, ko kusan 90 don bam, wani aiki ne dabam da ba a taɓa yi a Nijar ba. Na Faransa a Tricastin ake yi. Raba abu biyu ne masu kama ɗaya ta bambancin nauyi, kuma kowace mace a Damargu ta san sunan wannan aiki a masussuka: shiƙa. In aka ce « tacewa » a Arlit, « shiƙar isotop » a waje, mai saurare zai fahimci abin da ƙasarsa take sayarwa da abin da ba ta sayarwa.

« Désintégration » Malay ya ce mata ruɓewa. Mu « rikiɗa » muka fi so, domin ƙwallon ba lalacewa yake yi ba, harbo wani yanki yake yi ya zama wani abu. Uraniyom 238 yana rikiɗa sau 14, ya bi ta radiyom da radon, kafin ya tsaya a dalma. Wannan yana da amfani fiye da aji. In an cire uraniyom daga dutse, ƴaƴan da ya rikiɗa ya zama suna nan cikin abin da ya rage, kuma su ne ke ɗauke da fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfin dutsen. A Akokan an bar tudun irin wannan saura da ya kai tan miliyan 20. Wanda ya fassara « résidus » da « dussa » ko « shara » ya gaya wa mai saurare cewa amfani ya fita kuma haɗari ya fita tare da shi. Dussa awaki ake ba.

5. Huci da ƙura

Mun zo ga kalmar da ta sa aka rubuta wannan maƙala. Becquerel ya gano abin a 1896, Marie Curie ta raɗa masa « radioactivité » a 1898. Aron wannan kalma ba zai yi ba a Nijar, domin « radiyo » ta riga ta ɗauki kaya biyu: akwatin labarai, da hoton ƙirji na asibiti. Me muke da shi a madadinta?

Ana cewa « haske ». Haske ana ganinsa, kuma a Hausa kusan kullum alheri ne. Ana cewa « guba ». Guba ana cinta ko a sha ta, tana kashewa da wuri, kuma tana da makari. Mutumin da ya kwana shekara goma kusa da ƙarfe bai ji komai ba zai ce ai da guba ce da tuni. Ana cewa « tururi », kuma ita ta fi yawa a rediyo. Tururi iska tana kwashe shi, ana ganinsa, ana toshe masa hanci da rawani. Kowace daga cikin ukun ta kama gefe ɗaya ta saki sauran. Babban laifinsu shi ne suna haɗa abu biyu da kimiyya ta raba, kuma rabawar ita ce dukan darasin kariya.

Faransanci yana cewa « irradiation » da « contamination », Malay yana cewa « penyinaran » da « pencemaran ». Na farko, abin yana waje yana harbinka daga nesa. In ka tashi ka bar wurin, an gama, ba ka ɗauko komai ba. Na biyu, ɓarɓashin abin ya hau tufarka ko ya shiga huhunka ko ruwan shanka, ka tafi da shi gida yana ci gaba da aikinsa.

Muna ba da shawarar « huci » ga na farko. Wanda ya zauna kusa da maƙera ya san hucin wuta: yana samunka ba tare da ka taɓa garwashi ba, yana raguwa in ka ja baya, katanga tana tare shi, kuma gwargwadon daɗewarka gwargwadon abin da ka sha. Dokokin kariya uku da ake koya wa kowane ma'aikaci, wato rage lokaci da ƙara nisa da sa shamaki, duk suna cikin kalmar tun kafin malami ya buɗe baki. Ko lissafin ya zo daidai: in abin ƙarami ne ka ninka nisa biyu, hucin da ke isowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shamakin ya danganta da irin hucin. Alfa takarda ɗaya tana tsayar da shi, ko fatar jiki. Beta sai farantin alminiyom. Gamma sai dalma mai kauri ko bangon siminti. Aibin kalmar ɗaya ne, kuma babba: hucin wuta ana jinsa, wannan ba a jinsa. Dole a riƙa cewa « ɓoyayyen huci » har kunne ya saba. Da haka « radioactif » ta zama « mai huci », « radioactivité » ta zama « ƙarfin huci ».

Ga na biyu, « gurɓata » tana nan, amma a baki « ƙura » ta fi aiki: ƙura mai huci. Mutanen Damargu ba sa buƙatar a koya masu halin ƙura, inda take shiga da yadda take bin mutum har gado. Nan ne alfa, wanda takarda take tarewa, yake zama mafi muni, domin a cikin huhu babu takarda. Wani zai ce me ya sa ba za a ce « najasa » ba, tun da ita ma tana maƙalewa tana bin tufa. Mun bar ta saboda najasa ruwa yana kawar da ita duka, kuma ba mu so ma'aikaci ya ji kamar ana ce masa marar tsarki.

Cewa bambancin ba na malaman jami'a ba ne kawai, ga shaida. A Disamba 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'man ta Arlit, ta sami tarkacen ƙarfe masu huci ana sayar da su a garin, Greenpeace kuma ta sake samun irinsu a 2009. Bututun da ya fito daga masana'anta yana da ɓawon radiyom a cikinsa. Mai saye yana ganin ƙarfe ne mai kyau, na rufin ɗaki ko na maƙera, kuma tsohon ƙarfe ba ya zama inda aka saye shi, mota yake hawa. In aka ce masa « yana da guba », zai wanke shi da omo. In aka ce « yana huci, kuma in ka kankare shi ko ka sa shi a wuta ƙurarsa za ta shige ka », an gaya masa abu biyu da zai bari.

Radon yana da tasa matsala. Iska ce marar launi marar wari da radiyom ke haifarwa, tana taruwa cikin rami da ɗaki rufaffe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a matsayi na biyu bayan taba wajen kawo sankarar huhu. « Gaz » a Nijar ta girki ce. « Iska » kuwa, in aka ce ta shiga ɗaki tana sa ciwo ba a ganinta, kowa ya san wurin wanda za a tafi neman magani. A riƙa haɗa ta da sunanta kullum, « iskar radon », kuma a biyo da maganinta nan take: buɗe taga.

6. Rabin rai?

Faransanci yana da « période » da « demi-vie », Malay ya bi ta biyun ya ce « separuh hayat ». In muka bi su muka ce « rabin rai » ko « rabin rayuwa », mun yi ɓarna biyu. Mai rabin rai ya kusa mutuwa. Sannan duk mai hankali zai ce rabi da rabi ɗaya ke nan, bayan wa'adi biyu abin ya ƙare. Ba haka ba ne. A ɗauki rumbu mai dami 64, a ce kowace shekara rabin abin da ya rage ake fitarwa: 32, sai 16, sai 8, sai 4. Bayan shekara biyu saura kashi ɗaya cikin huɗu, bayan goma saura kimanin ɗaya cikin 1000. Kalmar da ake so ba ta maganar rai, tana maganar tsawon lokacin da ake ɗauka kafin abu ya ragu da rabi, kuma ana maimaita shi. « Zangon rabi » ta yi, domin zango ana yin sa ne a tashi a sake wani, kuma ɗan ƙasar ayari ba zai ɗauka zango biyu ƙarshen tafiya ne ba.

Zangon radon kwana 3,8 ne. Na kobal 60, da ake gashin sankara da shi, shekara 5 da ƴan watanni. Na radiyom 226 shekara 1600. Na uraniyom 238 shekara miliyar 4 da rabi, kusan shekarun duniyar kanta. A lura da wani abu da yakan rikita ɗalibai: mai gajeren zango shi ya fi huci, domin rikiɗarsa ta fi sauri, kamar yadda karan dawa ya fi kututturen gawo bal-bal ya kuma riga shi mutuwa.

7. Awo

Saura « dose ». Ma'auninta milisibat ne, kuma aro ne ba makawa, kamar mita da kilo. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2,4 a shekara daga ƙasa da sama da abinci. Ƙa'idar duniya ta yarda a ƙara wa mutumin gari 1 a shekara, ma'aikaci kuma 20. Abin da kalmar Hausa za ta ɗauka shi ne cewa wannan awo taruwa yake yi, na bana a kan na bara. « Awo » ita kaɗai tana tuna wa mutum tiyar hatsi da ake aunawa a ci a ƙare. « Tarin huci » ta fi kusa da ma'ana, sai dai a rubuce « tari » na tarawa da « tari » na ƙirji siffarsu ɗaya, tun da rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, kuma a wannan fage duka biyun suna iya zuwa cikin jumla ɗaya. Don haka a takarda « jimlar huci » muke rubutawa. Ƴar na'urar da ma'aikaci yake maƙalawa a aljihun riga « ma'aunin huci » ce, kuma tsohon ma'aikacin da ya koma Tanut ko Belbeji yana iya tambayar likita da harshensa: jimlar hucina ta shekarun da na yi a rami, milisibat nawa ce, kuma a wace takarda aka rubuta ta?